Wanda Ya Ci Shinkafar Mokbul

Wa ya ce ku tambaye ni wannan bayan an kunna fitila? Ke Shefali, rufe littafin nan. Malaminku ya ce ku kawo labarin jarumin gidanku na zamanin yaƙi, shi ba shi da kaka ne da zai je ya dama? Ni ban taɓa zama a aji ba ko na yini ɗaya, amma na san lokacin da ake ambaton mamaci da lokacin da ake barinsa ya huta. To, tunda kun riga kun ambata, ku zauna. Tuhin, sauke ƙafarka daga kan buhun shinkafa. Sau ɗaya zan faɗa, kuma duk wanda ya jiƙa tabarmarsa yau shi zai wanke abarsa.

Mokbul ba jarumi ba ne. Mai zuba kwal ne a tanderun jirgin ruwa, can ƙasa inda ba a ganin rana. Yayan Jobeda ne, surukata, kakar babanku. Daga bakinta na ji wannan, kuma mace ce da ba ta ƙara wa magana gishiri.

Yana da shekara goma sha tara ya bar nan Sondip ya tafi birnin Kalkata neman aikin jirgi, kamar rabin samarin tsibirin nan. Yaro ne mai ci, mai dariya, hancinsa a karkace tun da ya faɗo daga kan kwakwa, har maganarsa ta hanci take fita. Ko akuya aka yanka sai ya ɓuya bayan ɗaki ya yi hawaye. Ranar da zai tafi ya miƙa hannu ya cinye busasshen kifin Jobeda a gabanta, ya ce ai ita tana gida, gobe ma za ta ci. Lokacin shekararta goma sha biyar.

Ku yaran yanzu ba ku san yadda ake yi wa mai jirgi wasiƙa ba. Ba a rubuta masa mutuwa. Ba a rubuta ciwo, ba a rubuta gobara. Mutumin da ke hawa tsanin ƙarfe, ƙasansa teku, ka cusa masa baƙin ciki a aljihu? Sai ya dawo, ya yi wanka, ya ci ya ƙoshi, sannan wani dattijo ya ja shi gefe ya gaya masa. Duk wasiƙar da ta fita daga tsibirin nan, kowa lafiya, amfanin gona ya yi kyau, saniya ta haihu. Haka suka tarar, haka suke yi.

Shekara ɗaya da tafiyarsa, yaƙin Turawa ya yi zafi a kan ruwa. Sai ga Torab Ali, maƙwabcinsu da suke jirgi ɗaya, ya dawo da hannu a ƙone, da takardar rasuwar Mokbul a cikin rigarsa. Ya durƙusa a tsakar gida gaban Sofura, uwar Mokbul, wadda 'yan unguwa ke kira Caci, wato gwaggo, ya kasa ɗaga kai.

Ta ce, “Ka ga gawarsa?”

“Caci, wallahi ko kofin shayi mutum ba zai shanye ba jirgin ya nutse. Ni ina sama. Su na ƙasa ba wanda ya fito.”

“Tambayarka na yi. Ka ga gawarsa?”

“Ban gani ba.”

“To sha ruwanka ka tafi gida, uwarka na jira.”

Liman ya zo ya ce a yi masa salla ko babu gawa. Sofura ta tsaya a bakin ƙofa, hannu a ƙugu, ta ce takarda ba gawa ba ce, kuma duk wanda ya ɗaga hannu ya yi wa ɗanta kabbara yana da rai, ita da shi har gaban Allah. Liman ya koma.

Mijinta Sikandar matuƙin kwalekwale ne. A shekarar ce Turawan mulki suka kwashe jiragen tsibirin kaf, manya da ƙanana, wai kada sojan Japan su zo su samu abin hawa. Ku riƙe wannan. Babu kwalekwale ko ɗaya da ya rage a ruwanmu. Sikandar ya zauna a gida ba aiki, ba ɗa, sai tari. Wata uku bayan zuwan Torab aka binne shi. Sofura ta yi wa mijinta kukan da ya kamata. Ɗanta kuwa ko ɗigo ba ta zubar masa ba.

Da ta fita takaba sai ta je wurin munshi, mai rubuta wa mutane wasiƙa a bakin kasuwa, ta ce ya rubuta wa Mokbul.

Ya ce, “Caci, ina zan ce a kai ta? Jirgin yana ƙasan teku.”

Ta ce, “Idan kai ba ka san hanya ba, ruwa ya sani.”

Tun daga ranar, kullum rana ta yi ja sai ta ɓare ɓawon kututturen ayaba, ta lanƙwasa shi kamar ɗan kwalekwale, ta zuba shinkafa da busasshen kifi da barkono. Daga kwanonta take ɗiba, a shekarar da mutane ke cin ganyen bakin hanya. Sai ta bi jinga, tudun nan da ke tare ruwa, har mashigin da ruwan teku ke shigowa, ta ɗora a kan ruwa, ta kira sunansa sau uku. Sannan ta karanta masa wasiƙarta da baki. Jobeda ta taɓa bin bayanta ta laɓe, ta ji.

“Mokbul, Ammajan ce, uwarka. Kowa lafiya. Abbajan ya ji sauƙin tari, yana gona. Saniya ta haihu. Jobeda ta girma. Ci shinkafarka tun da zafi. Zo, ina jira.”

Saniyar nan ta mutu tun da damina. Abbajan, wato ubansu Sikandar, yana kabarinsa a bayan masallaci, ciyawa ta fara fitowa a kansa. Amma mai jirgi ake yi wa magana, kuma Sofura mace ce da ta san ka'ida.

Hajera maƙwabciyarsu ta tare ta wata rana a hanya. “Sofura, abin da kike ciyarwa a ruwan nan, kin san shi kuwa?”

“Ke kin san wadda ke ciyar da mijinki can birnin Rangun?”

Ba wanda ya sake tare ta.

Da farko ruwa yakan tafi da ɓawon, shi ke nan. Bayan kamar kwana arba'in sai abu ya canja. Akwai ɗan reshen mashigin da ke bi ta bayan gidansu, inda suke wanke tukwane. Wata safiya Jobeda ta sauka da tukunya, ta tarar da ɓawon jiya a bakin matakala. An suɗe shi tas, ko ƙwayar shinkafa babu. Washegari biyu ne. Jere suke, bakinsu na kallon gidan.

Ta tura su da ƙafa. Ba ta gaya wa uwarta ba, don ta san abin da za ta ce: kin gani, ya ci.

Daga nan Jobeda ta daina iya zama wuri ɗaya. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye. Ta fara tsefe kai ta bari rabi. Da la'asar ta yi sai ta riƙa leƙa bayan gida tana dawowa, ba ta san me take dubawa ba. Karen Hajera ya daina shan ruwa a wurin. Ubanta ya tafi, yayanta ya tafi, uwar nan ce kaɗai ta rage mata a duniya, kuma kullum da yamma tana tafiya bakin ruwa tana dawowa da ƙasan sarinta, zanen jikinta, a jiƙe. Jiya idon sawu. Yau ƙwauri.

Ana haka sai Sofura ta taka ƙayar tarwaɗa. Kwana biyu ƙafar ta kumbura kamar tulu, zazzaɓi ya rufe ta. Ranar farko ta rarrafa ta je. Rana ta biyu ta kasa tashi daga tabarma.

Ta ce, “Jobeda. Ɗauki wannan ki kai wa yayanki.”

“Ammajan, yau ɗaya dai a bari. Ki ci abinki, kwana nawa ba ki ci ba?”

“Ni kike koya wa? Sau uku za ki kira, da ƙarfi, ba irin muryar nan taki ta sauro ba. Ki gaya masa kowa lafiya. Kada ki kuskura ki ambaci ƙafata.”

“Idan ya tambaya fa?”

Da gatse ta faɗa. Sofura ta dube ta, ta ce, “Ba ya tambaya. Yaron kirki ne, saurare yake.”

Jobeda ta ɗauki ɓawon ayabar. Ta soke lauje a ƙugu don ta yanko wa akuya ciyawa a dawowa. Ta hau jinga.

Rana ta kusa faɗuwa. Gonakin shinkafa a dama, mashigi a hagu. Lokacin janyewar ruwa ne, taɓo ya fito baƙi yana ƙyalli, ƙananan ƙaguwa na ta shiga ramuka. Warin gishiri da ruɓaɓɓen ganye. Daga nesa hayaƙin girkin mutane. Kwaɗi sun fara. Shinkafar tana da ɗumi a tafin hannunta, kuma yunwa take ji, har ta yi tunanin ta zauna ta cinye ta ce ta kai. Ba ta iya yi wa uwarta ƙarya ba, sai ta wuce.

Wurin da Sofura ke tsayawa a bayyane yake, ƙafarta ta yi gurbi a taɓon. Jobeda ta sauka, ta ɗora ɓawon a kan ruwa.

“Mokbul.”

Ta sake kira.

“Mokbul!”

Ta so ta tsaya a biyu. Amma za a tambaye ta.

“Mokbul!”

Kwaɗin suka yi shiru. Duka, lokaci ɗaya, kamar an kife musu kwano.

Ruwa na tafiya teku. Ɓawon bai bi shi ba. Ya tsaya cak. Sannan ya fara tafiya a hankali zuwa tsakiyar mashigin, a miƙe, kamar da zare ake jansa.

Sai ta ji filafili.

Tsulum. Shiru. Tsulum.

'Yar matuƙi ce, ta san ƙarar filafili tun tana goye. Ta kuma san shekara guda ke nan ba wanda ya tsoma shi a ruwan nan.

Wari ya iso ta. Hayaƙin kwal da aka kashe da ruwa. Ƙonannen mai. A ƙarƙashinsa kuma wani wari mai sanyi, irin na ƙasan tsohuwar rijiya.

A tsakiyar mashigin, inda sandar gora biyu ba ta taɓa ƙasa, wani abu yana tsaye ruwa iya ƙugunsa. Babu kwalekwale. Kafaɗunsa na ƙyalli kamar an shafe su da mai. Fuskar ba ta ganuwa, hasken yana bayansa. Ya sunkuya kan ɓawon.

Ta ji yana ci. Ta ji harshe yana bin ɓawon, yana sake bi.

Ya ɗago.

“Jobeda ta girma.”

Muryar Mokbul ce. Ta hanci, da 'yar dariyar nan a ƙarshenta. Inda ya samo ta ban sani ba, kada ku tambaye ni. Shekara biyu Jobeda ba ta ji ta ba.

Ta ce a hankali, “Baijan? Yayana?”

“Kowa lafiya.”

“Baijan, kai ne? Ina ka shiga?”

“Saniya ta haihu.”

Wannan ba amsa ba ce. Wasiƙar uwarta ce ake mayar mata. Abin nan ba shi da magana ko ɗaya tasa, sai wadda Sofura ta zuba masa tare da shinkafa.

Kan ya juya a hankali. Dama. Hagu. Yana neman wani.

“Ammajan,” in ji shi. “Ammajan. Zo, ina jira.”

Ya fuskanci reshen da ke bi ta bayan gidansu.

Sai ta ga taɓon gabanta ya fara ɓacewa. Ruwa na dawowa. Ba lokacinsa ba ne, amma yana dawowa, ba kumfa, ba ƙara, ya rufe gurbin ƙafar uwarta, ya taɓa yatsunta.

Ta gane. Yau mai kawo abinci ba ta zo ba, shi zai je. Idan kuwa muryar nan ta tsaya a bayan gida ta ce Ammajan, ko ƙafa biyu aka yanke wa Sofura sai ta sauka matakalar.

Jobeda ta haye jinga. Gida yana gabas. Ta juya yamma.

Ta buɗe baki, ta kwaikwayi uwarta. “Mokbul, kowa lafiya. Zo nan. Zo ka ji.”

Tsulum.

Ya biyo.

Tana tafe a sama, yana tafe a ƙasa, daidai da ita. Ba ta kalle shi ba. Ƙafarta kawai take kallo. Tana ta zuba masa duk abin da ya zo bakinta. Mangwaro ya yi 'ya'ya. An gyara rufin ɗaki. Hajera ta yi sabon sari.

“Mangwaro ya yi 'ya'ya,” in ji muryar yayanta daga cikin ruwa. “An gyara rufin ɗaki.”

Koyo yake. Duk abin da ta jefa sai ya cafe.

Ta yi niyyar kai shi har bakin teku, ta bar shi can, ta yanko ta cikin gonaki ta ruga gida. Bayan wannan ba ta san me za ta yi ba. Duhu na taruwa. Ƙaryarta ta fara ƙarewa. Numfashinta na fita da ƙyar.

Sai daga baya, can nesa, wata murya ta tsaga iska.

“Mokbuuul!”

Jobeda ta waiwaya.

Sofura ba ta yarda yarinyar za ta kira da ƙarfi ba. Ta ɗauki sandar mijinta ta biyo jinga tana jan ƙafa.

Filafilin ya tsaya.

Ruwan ya juya.

Ta ji shi ya wuce ta, tsulum, tsulum, tsulum, da sauri irin wanda hannun mutum ba ya yi.

Ta ruga. Ta faɗi, ta tashi. Laujen ya yanke ta a cinya, ba ta ji ba sai washegari.

Kafin ta isa, Sofura ta riga ta sauka. Sandar tana yawo a kan ruwa. Ruwan ya kai mata gwiwa. Abin yana tsaye taku goma a gabanta, ya buɗe hannuwa, kuma hannuwan sun yi tsawo.

“Ammajan.”

“Na'am, ɗana. Na'am. Ga ni.”

“Zo, ina jira.”

Jobeda ta faɗa ruwan ta rungumo ta ta baya. Jikin tsohuwar zafi kamar murhu.

“Ammajan, ba shi ba ne!”

“Sake ni, 'yar banza! Kurma ce ke? Ba ki ji yayanki ba?”

“Maganarki yake maimaitawa! Ki saurara!”

Sofura ta kai mata gwiwar hannu a baki. Matar da ta yi wata biyu ba ta ƙoshi ba, amma ranar ƙarfin namiji gare ta. Ta ƙara taku. Ruwa ya kai cinya. Ta ƙara. Tana jan Jobeda kamar ɗan akuya.

Taku shida ya rage.

Jobeda ta rasa abin yi. Ba ta iya riƙe ta, ba wanda zai ji ihu. Sai ta yi abin da ba wata 'yar Sondip da ta taɓa yi. Ta ɗaga kai ta kan kafaɗar uwarta, ta yi wa mai jirgi magana.

“Baijan! Abbajan ya rasu!”

Sofura ta tsaya kamar an soke ta.

“Ya rasu! Tari ya kashe shi, da sunanka a bakinsa! Torab ne ya shiga kabari ya kwantar da shi, da hannunsa ƙonanne, don kai ba ka nan! Saniya ta mutu! Ammajan ba ta ci, nata take kawo maka!”

Marin da Sofura ta sauke mata a kunci, har ta tsufa kunnen nan bai daina ƙara ba.

“Ba a gaya masa! Yana kan ruwa, ba a gaya masa! Kin kashe min shi!”

Sofura ta juya wajen ɗanta da sauri, hannu a miƙe, bakinta ya riga ya shirya lallashi. Ta san yaronta. Ta san yanzu zai fasa kuka, zai dafe kai, zai ce Innalillahi. Wanda ke yi wa akuya hawaye.

Ta jira.

Ruwa na lasar cikinsu.

Muryar ta zo, da 'yar dariyar nan a ƙarshe.

“Abbajan ya rasu. Kowa lafiya.”

Shiru.

“Abbajan ya rasu. Mangwaro ya yi 'ya'ya. Ci shinkafarka tun da zafi.”

Hannun Sofura ya sauka a hankali. Jobeda ta ce ta ji jikin uwarta ya huce a cikin hannunta, zafin nan duk ya fita. Tsohuwar ta ƙura wa abin ido, irin kallon da take yi wa kifi a kasuwa idan ta ɗaga kunnensa ta ga ya kwana.

Ta ce, ƙasa ƙasa, “Wannan ba ɗana ba ne.”

Sannan ta ɗaga murya. “Kai wane ne? Wata biyu kana cin shinkafar marainiya, marar kunya!”

Hannuwan suka nutse.

Abin ya ɓace. Ruwa ya kwanta sumul.

Sai aka fizgi sarin Sofura daga ƙasa.

Ta tafi har wuya. Jobeda ta cafko gashinta da hannu ɗaya. Taɓo ya riƙe ƙafafunsu. Ana ja. Zanen ya miƙe a cikin ruwa kamar igiyar jirgi, ya ɗaure ƙugun tsohuwar, yana tafiya da ita.

Jobeda ta zaro laujen. Ta laluba a ƙarƙashin ruwa. Hannunta ya taɓa wani abu mai santsi, mai sanyi, ya motsa.

Ta sara.

Ta sake sara.

Zanen ya yage.

Suka faɗi baya. Suka rarrafa, gwiwa da hannu, uwa na jan 'ya, 'ya na jan uwa. Ruwa na bin dugadugansu. Suka kama ciyawar jinga, ta tuge, suka kama wata. Ruwan ya hau bayansu har gab da saman jingar, inda ko a babbar cika ba ya kaiwa.

Nan ya tsaya.

Daga ƙasa, kusa, kamar a kunne, muryar ta ce, “Wannan ba ɗana ba ne.”

Sai kwaɗi suka ci gaba da kuka. A lokacin ne ladan ya ga damar kiran magariba, tsohon nan kullum a makare yake.

Sofura tana zaune a kan jinga da rabin sari, taɓo har gashi. Sannan ta ce Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ta faɗa sau ɗaya, daidai, kamar mai sauke kaya. Bayansa kukan ya zo. Har gidan Hajera aka ji, matan suka fito da fitilu. Kukan wata tara ne ta yi shi a zama ɗaya, tana kiran hancinsa, tana kiran cinsa, tana tambayar ko ya sha wuya a cikin wutar nan, ko ya kira ta. Wannan karon gona ta fuskanta, ta ba ruwa baya.

Da gari ya waye ta sa Jobeda ta riƙe ta har ƙofar liman. Ba ta ba shi haƙuri ba, ba halinta ba ne. Cewa ta yi, “Tara mutane.” Aka yi sahu a fili bayan masallaci, gaban liman babu komai sai ciyawa. Torab Ali yana sahun farko, ya kasa ɗaga hannun nan nasa har kunne. Da aka watse Sofura ta koma gida ta dafa shinkafa, ta zauna ta cinye kwanonta duka, tana hawaye tana ci, Jobeda na zaune tana kallonta har loma ta ƙarshe.

Yamma uku ana jin filafili a bayan gidan. Ba wadda ta leƙa. Suka koma wanke tukwane a tafkin masallaci. A ta huɗu ba a ji ba. Sofura ta yi shekara ashirin bayan haka, ƙafar ta warke ta bar ta da ɗingishi, kuma ba ta sake taka bakin mashigin ba. Marin da ta yi wa Jobeda ba ta taɓa ambatonsa ba. Sai dai duk ranar da aka dafa busasshen kifi, nata take turawa cikin kwanon yarinyar, ba tare da ta dube ta ba.

Ka'idar wasiƙa kuwa a gidan nan ta mutu tun ranar. Sauran tsibiri suka ci gaba da kowa lafiya, mu ban da mu. Ranar da kakanku ya cika, babanku yana kan jirgi a tekun Larabawa. Matan unguwa suka kewaye ni, kada a gaya masa, a bari ya sauka, saura wata huɗu. Na ce a ba ni wayar. Na gaya masa da bakina, ko gaisuwa ban tsaya yi ba. Suka ce ba ni da zuciya. Ya fasa kuka har na janye wayar daga kunne. Da na ji kukan nan hankalina ya kwanta, na san da ɗana nake magana.

To, ya isa. Shefali, share hancinki, ba da hannun riga ba. Tuhin, ka ce ba ka jin tsoro, to sakar min ƙafa. Ku wanke ƙafafunku a bokitin cikin gida, ku saki gidan sauro ku cusa gefensa da kyau. Kowa ya kwanta. Idan na sake jin bakin wani, da muciya zan shigo.